Gadon Cikin Bango

Litinin, 3 ga Maris

Likita ta ce mijina Gerben ba zai sake hawa bene ba. A gabansa ta faɗa, yana kwance yana ji. Ɓarin dama ya shanye, magana ma sai kalma ɗaya-ɗaya. Za su sallamo mini shi in akwai wurin gadon asibiti a ƙasa. In babu, sai gidan kula da tsofaffi na garin Hoorn. Na ce akwai wuri. Ban san inda yake ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na tsaya tsakiyar falo na buɗe hannuwa, saura kaɗan in taɓa bango biyu. Gidan nan tsawo kawai aka ba shi, faɗi babu. Matakalar kuwa tsani ce aka shafa wa fenti. 'Yarmu Femke ta kira ofishin adana tsofaffin gidaje, ko za a kafa kujerar lantarki mai hawa da mutum. Wai ba a huda katakon, tarihi ne. To mijina fa?

"Mama, ku sayar kawai," in ji Femke. "Ga gidaje marasa bene kusa da ni." Na ce a ɗakin nan aka haifi ubanki. "Ai ba haihuwarsa za a sake yi ba." Na kashe wayar. Gaskiyarta ce, shi ya fi ba ni haushi.

Asabar, 8 ga Maris

Dole babban teburi ya koma sama, don gadon asibiti ya sami wuri. Ta matakala ko kujera ba ta wucewa, komai ta taga yake shiga, da igiya da ƙugiyar da ke can ƙololuwar gida. Duk layinmu Gerben ne mai igiya. Ba kabad ɗin da ya hau bene a nan bai bi ta hannunsa ba, ni kuwa kofi kawai nake dafa musu.

Maƙwabcinmu Koos ya zo da surukinsa, suka cire tagar sama. "Matsa gefe, maƙwabciya, yau za ki ga aiki!" Na kuwa gani. Teburin ya tashi lafiya, iska ta juya shi, ya daki bango. Ƙafa ɗaya ta faɗo kan titi.

"Haba, mai ƙafa uku ma ai yana tsayawa," Koos ya ce. Sai ya tuna wanda ke asibiti. Na tsinci ƙafar na shige gida.

Lahadi, 9 ga Maris

Na ba Gerben labari. Ya ɗaga yatsu biyu na hagu. "Biyu." Ashe igiya biyu ake sawa, ɗaya ta ɗaga, ɗaya ta janye kayan daga bango. Duk shekarun nan ina kallo ban lura ba. Ya yi dariya da rabin baki, daga nan sai hawaye. Na yi ta gyara masa bargon da ba abin da ya same shi.

Alhamis, 13 ga Maris

Gado ya iso, da injin ɗaga marar lafiya, da keken guragu. Sai na bi ta gefe kamar ƙaguwa kafin in kai kicin.

Juma'a, 14 ga Maris

Gerben ya dawo gida. Ya daɗe yana kallon matakala.

Litinin, 17 ga Maris

Da safe na sauko na tarar da shi rabi a gado rabi a waje, zanin gado jiƙe, murya ta dishe. Ya yi ta kiran sunana, Rika, Rika, ni kuwa ina sama ina barcina. Tsakanina da shi katako ne kawai, amma ban ji ba. Kunya ta hana shi kallona.

Nas mai zuwa gida ta ce in ya faɗo ko sau ɗaya, magana ta ƙare, sai Hoorn. Dole wani ya kwana kusa da shi. A ina? Ko katifar jariri ba ta da wuri a ƙasan nan. Na zauna a kicin na rasa abin yi. Tsoro nake ji, ba kaɗan ba.

Talata, 18 ga Maris

Tun safe yake nuna bango. Na ba shi ruwa, ba shi ba. Rediyo, ba shi ba. "Can." Ƙyamaren nan biyu yake nufi, na tsohon gadon da aka gina cikin bangon falo kamar kabad, inda uwarsa ta haife shi, inda kuma ta rasu. Ranar da na tare na rantse ba zan taɓa shiga akwatin nan ba. Na cika shi da kwalaben jam da kayan Kirsimeti.

"Ni? In shiga akwatin uwarka? Tsoho, ciwon ya taɓa maka kai ne?"

"Can."

Laraba, 19 ga Maris

Na kwashe kwalaben, Koos ya tafi da su. Gadon gajere ne, mutanen zamanin da a jingine suke barci. Yana warin tsohon katako da ita marigayiyar. Wuyana ya ƙage. In na bar ƙyaure ɗaya a buɗe, hannuna yana kai wa hannunsa na hagu.

Asabar, 5 ga Afrilu

Bai faɗo ba. Nas ta daina ambaton Hoorn, Femke ce ba ta daina ba. Yau ta hau sama ɗauko mini riga, ta sauko da tukunyar fure a bushe ƙayau.

"Mama, yaushe rabonki da sama?"

Na ce gwiwa ce ke damuna.

Koos ya leƙo, wai ya samo mai gyara ƙafar teburin, in an sami sarari a sauko da shi, da igiya biyu wannan karon. Na ce a bar shi can tukuna. Na ɗauko igiyar Gerben daga bayan ƙofa na ba shi, tana cin wuri. Gerben yana kallo, bai ɗaga hannu ba.

Aro ne, na ce wa Koos. Ya ce to, maƙwabciya. Bai tambayi ranar dawowa da ita ba.