Gawar da Ba Ta da Kowa

Yaya Amnun,

Gaisuwa daga Peshawar. Yaya ƙafar Inna Mazol? Yaya yara? Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da ba ya hana ni aiki.

Ni kaɗai na zo garin nan, na koyi rini, na gina shago, ba wanda ya miƙo mini ko allura. Yanzu sai na ji dattawan ɗakin ibadarmu na Bukhara sun kankare sunana daga bangon da ake rubuta sunayen zuriyar Annabi Haruna, wai na taɓa gawa, na ƙazantu.

E, na taɓa. Wani tsoho Bayahude ne ya rasu a masaukin fatake, ba namu a garin sai ni. Na wanke shi, na binne. Na san jikan Haruna ba ya kusantar kabari, amma malamanmu sun ce gawar da ba ta da kowa dole ce a kansa. Dattawan nan masu kishingiɗa suna shan shayi, so suke in bar wa karnuka shi?

Kada Inna ta ji, Allah ya ƙara mata lafiya. Kafin babban azuminmu na Ranar Kaffara a mayar da sunana, Nerya ɗan Pinhas, ƙarƙashin na Baba.

Ƙaninka,
Nerya