Hodar da Suka Shafa Maka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Baba Sale,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifinta, da fatan Allah ya yalwata makwancinka.

Jiya jikanka ya kawo mini wani tsohon bidiyonka a waya, baƙi da fari, yana ta murna wai ya ga kakansa a talbijin. Shi waƙa ya ji. Ni kuwa hoda kawai na gani, raina ya ɓaci kamar yau aka yi abin.

Ka tuna shekarun. Da, rediyon Jidda ba ya wuni bai sa muryarka ba, bikin da ba ka je ba kuwa ba a lissafa shi. Sai faya-fayen Masar suka cika kasuwa, masu gayyata suka ɗauke ƙafa. Ka koma zaman ƙofar gida a unguwarmu ta Hindawiyya, shayi na hucewa a gabanka.

Da aka buɗe gidan talbijin suka aiko maka, har guɗa muka yi. Ashe masu kuka da waƙoƙinka ba su taɓa ganin fuskarka ba. Mai shirin ya kalli tsagen gadon da ke kumatunka, ya ce zai ɗauke hankalin masu kallo, a cike shi da hoda. Ka yarda, Baba.

Ka fi kowa sanin wadda ta riƙe ka ranar suna, wanzami na yin tsagen nan. Iya ce, mahaifiyarka, da ta goyo ka tun daga ƙasar Hausa ta ratsa Sudan a ƙafa, har kuka iso Jidda. Kullum ka durƙusa gaishe ta, sai ta bi tsagen da yatsunta, sannan ta sa maka albarka.

Ranar shirin muka kai ta gidan maƙwabta masu talbijin, unguwa ta cika ɗakin maƙil. Ka fito fuska sumul. Iya ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ce, "Murya dai ta Sale ce. Ina suka kai fuskar?" Ta nemi takalmanta, waƙar ko rabi ba ta kai ba.

Da safe ka durƙusa gabanta, fuskarka a wanke tas. Ta amsa gaisuwa, hannuwanta na kan cinya. Ka ce, "Iya, yaran nan fa sai sun ci." Gaskiya ka faɗa, kuma mun ci. Abin da ke tsaya mini a wuya ke nan har yau.

Masu talbijin kuwa ba a je ko'ina ba suka ce halas, wato an gama da kai, sun samo yaro mai farar fuska. Ko sallama ta kirki ba su yi maka ba. Iya ta rasu bayan aikin hajjin shekarar, ba ta sake ɗaga hannun nan ba.

Na daɗe ina jin haushinka, har sai da na riƙa ganinka bayan sallah kana bin kumatunka da yatsunka, ka ɗauka ba mai kallo. Ranar da ka cika, kafin maza su shigo, na shafa tsagen nan ɗaya bayan ɗaya. Amma ni 'ya ce, Baba, albarkar da kake jira ba a hannuna take ba.

Allah ya gafarta maka, ya haɗa ka da Iya a Aljanna, ya sa in ka durƙusa ta miƙo hannu.

'Yarka,
Hajara