Takin Da Bai Kai Gona Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa'u.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma bakina ya saba kawo miki ƙara, kuma har yau bai daina ba.

Inna, a kan jujinki na zo.

Kullum safiya sai kin share tsakar gida, kin kwashe toka daga murhu, kin haɗa da kashin awaki da ƙaiƙayi, kin kai bayan gida. In kika ga leda a ciki, da yatsa kike tsince ta kina tsaki, kina cewa, "Wagga aba ba ta ruɓewa, kamar mugun hali." Mu kuwa muna toshe hanci muna yi miki dariya.

Da bazara ta kama, Baba ya ɗora wa jaki mangala, a yi ta jigila zuwa gayaunarki ta bakin dawa, a zuba tsibi-tsibi. Duk wanda ya wuce ya ga tsibin nan ya san gonar da mai ita, kuma bana za a nome ta. Ke da kanki kike cewa gidan da ya sayar da takinsa ya sallama gonarsa, ko bai faɗa da baki ba.

To kin san abin da ya biyo baya. 'Yan bindiga suka tare hanyar dawa, kowa ya dawo gonakin bayan gari, mu da ba mu da ko taƙi a can muka zauna. Kina kwance cikin ciwon da ya tafi da ke kika ce mu ci gaba da zubawa, daji ba zai tabbata a hannun ɓarayi ba. Na bi maganarki. Tun da na dawo gida bayan rasuwar maigidana ban fasa ba, har jujin ya fi dangar gidan tsayi.

Yanzu wani abu ya shigo garinmu, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina cikin waɗanda suka kawo shi. Mu matan unguwa mun haɗa kai muna tone juji. Mu ware roba da gwangwani da tsofaffin takalma, wani mai mota daga Funtuwa ya zo ya auna ya saya. Baƙar ƙasar da ta rage mu tankaɗe ta da rariyar waya, mu ɗura a buhu, masu lambu na wajen Ƙanƙara suna rububinta. Kamar gayya muke yi, yau gidan wance, gobe gidan wance.

Abin ya yi amfani, Inna. Kwatar ƙofar gidan Liman da kika gaji da mita a kanta ta buɗe. An daina yanka akuya a iske cikinta cunkushe da leda. Matan da suka gudo daga ƙauyukan Sabuwa ba su da ko tabarma, yanzu suna zuwa kasuwar Sheme da abinsu a ƙulle a bakin zane. Ni ce mai babban baki a cikinsu, gida-gida na bi ina cewa da babu gara ba daɗi.

Sai layi ya zo kanmu, bakin nan nawa ya mutu.

Na yi ta kawo dalili. Yau kaina ke ciwo, gobe Yaya Lawal ba ya gari. Na dai ga yadda matan suke kallon juna. Shi ma Yaya ya zaunar da ni ya nuna mini rumbu, babu komai a ciki sai gafiya, ita ma don ba ta da wurin zuwa ne. Ya tuna mini jakin ma an daɗe da sayar da shi, ko an buɗe hanya gobe da me za mu kai? Na ji haushinsa ƙwarai, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa.

Ranar Alhamis na ce su zo. Ni na fara kafa shebur. Can ƙasa ya yi baƙi wuluk, ya yi laushi, yana ƙamshi irin na ruwan farko, kuma da kyar muka cika kwando guda da leda. Ƙawarki Baba Talatu ta damƙo shi a hannu ta shinshina, ta ce ba don tumatirin wani kika tara wannan ba. Ta goge ido da bakin mayafi ta koma kan rariyarta, don marayun ɗanta na jiranta a gida.

Motar masu lambu ta ɗauki buhunan ta miƙe gabas, ta ba gonarki baya. Mun ci tuwo har da sauran ɗumame, yara sun yi murna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa jiya ya faru. Wani mutum daga wajen Faskari ya yi sallama da Yaya bayan la'asar. Daga bayan danga na ji ya ambaci gayaunar bakin dawa, wai ya ji labari mun kwashe taki. Na tsaya ina jira in ji Yaya ya ce masa ba ta sayarwa ba ce. Sai na ji ya ce a kawo tabarma da ruwa. Ban ji sauran ba, Inna. Na dai leƙa na ga ya raka shi har bakin titi, kuma kin san Yaya ba ya raka baƙo ya wuce ƙofar zaure.

Ina jin tsoro. Ban san ko in buɗe baki ba, tunda ni na fara kafa shebur.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa tun akwai sauran gonar da za mu koma. Ki yafe mini, Inna.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hajara