Sifirin Akwatin Jita da Irin Geron Baba

Ɗanbatta,
14 ga Afrilu, 1985.

Zuwa ga Yayana Inuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zuliha da yara, amin. Mu nan da sauƙi, sai dai abin da ka sani: damina biyu ke nan ba ta yi mana kirki ba, gidaje da yawa tukunya sau ɗaya take hawa murhu. Inna na fama da ƙafa amma ba ta fasa ƙuli-ƙulinta ba. Baba kuwa yana nan gindin darbejiya da tufkar igiyarsa.

Takardarka ta iso ta hannun Dallatu direba. Na ga ka ce masaƙa ta sallame ku, kuma wani mai otal a Legas zai ɗauke ka kiɗan jita in dai ka zo da akwatin nan da ka bar mini ajiya, wanda ake takawa da ƙafa, ya sa sautin jita ya riƙa amsa kuwwa kamar an yi magana a rijiya. Ka ce in ba Dallatu shi ƙarshen wata, ranar da zai ɗora shanu. To Yaya, gyara zama, don ba zan yi maka kwana-kwana ba: akwatin ya lalace, kuma a hannuna.

Ga yadda aka yi. Ɓeraye sun addabi rumbun da muka adana irin gero, ɗan abin da ya rage mana na shuka, ga shi sifirin tarkon Baba ya karye. Ranar kasuwa ina can rumfata ina gyaran rediyo, sai ya shiga ɗakina neman waya, ya ture akwatin, ya ji wani abu ya yi ƙara a ciki. Ka san Baba, ba ya ganin ƙarfe ya ƙyale. Ya sa wuƙa ya kwance, ya tarar da sifirin biyu dogaye a kwance, a ganinsa zaman banza suke yi, ya cire ya ɗaura a tarko. Sifirin da bai fi zare kauri ba, ina zai riƙe ɓera? Duka biyun suka miƙe sambal, ɓerayen suka cinye ƙulin tarkon suka yi gaba. Wallahi da na dawo na gani, sai da na fita na zaga gona sau biyu, don kada bakina ya faɗa wa mahaifina abin da zan yi nadama. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ɓoye maka ba.

Na karanta wa Baba takardarka. Sai ya ce a ɗebi irin geron a kai kasuwa, a je Kano a nemo maka sabon akwati, tunda shi ya yi ɓarnar. Yaya, mutumin da bai taɓa son kiɗanka ba! Na ce masa ba a toshe rami da ƙasar wani ramin. Nan take na ƙudurta a raina: iri ba zai bar rumbu ba, kai kuma ba za ka rasa aikin nan ba.

Na fara da sifirin biro, na haɗa guda goma, na jona akwatin da batirin mota da tsohuwar jitarka da ke nan gida, sai ta yi kukan akuya. Na gwada wayar hita, ta yi gurnani kawai. Daga nan na warware wayar birkin keke, na zari sili ɗaya, na riƙa naɗawa a jikin sifok, wato siririn ƙarfen ƙafar keke, amma hannuna ba ya tafiya daidai, nan a matse, can a sake, sautin sai ya fito yana in'ina. Kwana huɗu ina wannan fama a tsakar gida, Baba yana satar kallona. Rana ta biyar ya ja tsaki, ya ce ba haka ake murɗa abu ba, in miƙo. Ya zauna ya danne sifok ɗin da babban yatsan ƙafa, ya riƙa naɗawa a hankali da hannun nan da ya shekara hamsin yana tufka, kowane zagaye daidai da ɗan'uwansa. Na liƙa da dalma, na taka, na kaɗa tsirkiya ɗaya. Sautin ya tafi, ya dawo, ya yi jela. Inna ta saki ludayi, ni kuwa hawaye suka zubo mini, ban ji kunya ba.

Gaskiya jelar ba ta kai ta da tsawo ba tukuna, don sifirin ɗaya muka gama. Na biyun mun lalata sau uku, yau da hantsi muka fara na huɗu. Amma mai haƙuri yakan dafa dutse. Ka gaya wa mai otal ya saurare ka, in Allah ya yarda akwatin zai hau motar Dallatu, zan naɗe shi cikin bargona don kada hanya ta girgiza shi.

Abu ɗaya nake roƙonka. Baba ya ce kada in gaya maka wanda ya cire da wanda ya naɗa, ga shi na gaya maka, don ajiyarka ce. In za ka rubuto amsa, kada ka ambaci sifirin ko da wasa. Ni zan karanta masa, yana kallon bakina, kuma ban iya tsallake layi a gabansa ba. Ka gaishe shi kawai, ka ce akwatin ya iso kuma yana aiki.

Inna tana sa maka albarka. Ƙannenmu Rahmatu da Kulu suna gaida Zuliha, a shafa mini kan Kamilu da Safara'u. Allah ya buɗa mana, ya kawo damina mai albarka.

Ƙaninka da bai karaya ba,
Basiru