Bakin Waya Biyu Da Na Bari Ba Haɗi

Daga ofishin Babban Sufeton Batura da Ƙwayayen Fitila na Arewa kakaf,

Zuwa ga Malama Umaima, farin watan Dutse, zaƙin dabinon farkon kaka, sanyin randa da azahar, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa!

Assalamu alaikum. Rahoto ya iso teburinmu cewa tun da kika zo daga Kafin Hausa koyon koyarwa, yaran ajinki suke kunna fitila da batir da 'yar waya, ke kuwa kina kunna bayin Allah ba batir ba waya. Wa ya ba ki lasisi? Wace hukuma ta sa hannu?

An shaida mana ranar da adaidaita ta faɗa rami da ke, kwalin kayan darasinki ya kife, ƙananan ƙwayayen fitila suka watse kamar gero, muka durƙusa muna tsinta. Suka durƙusa, nake nufi! Kika matse ƙwai ɗaya a jikin batir tsakanin yatsunki, ya kawo ja. Wayyo Allah! Kika ce wuta ba ta tafiya sai hanyarta ta zagayo ta haɗe, kuma in ba resista mai rage ƙarfin wuta a tsakani ƙwan zai ƙone. Umaima, tun ranar nake ƙonewa, ni wa zai sa mini resista?

Yanzu an ce ranar Alhamis za ki koma kwalejinku. Wa zan riƙa kallo ta madubi?

Ga ɗan kwali nan tare da takarda. Na ɗaure batir da salatif, na sa resista, na sa ƙwai, na bar bakin waya biyu ba haɗi. Nawa ya miƙo iya tsawonsa, ɗayan naki ne. In kin yarda in tura magabatana wurin mahaifinki Baba Malam, ki murɗe su, ki fito da shi a kunne ranar tafiyarki. In kin fito da shi a kashe, zan kai ki tasha lafiya, hawayena ni da sitiyari.

Kai, hular sufeton nan ta yi mini nauyi! Babu ofis, babu tebur, a kujerar baya na rubuta, kuma da gangan na shiga ramin don ki yi mini magana.

Naki har numfashina ya ƙare,
Nata'ala mai adaidaita.