Jan Maɓallin da Aka Ƙi Dannawa

Asabar, 4 ga Mayu

Na gama shafin intanet ɗin. Sunansa Ina Aka Yi Ruwa. Taswirar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ce, kowane ƙauye da ɗigonsa. In an yi ruwan shuka a garinku ka danna kore, in ba a yi ba ka danna ja. Ba rajista, ba komai. Tun hutun makaranta nake fama da shi, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. Matata Suwaibatu ta leƙo ta bayana ta ce, "To Malam, saura ruwan." Ko a jikina. Yau daɗi nake ji.

Litinin, 6 ga Mayu

Baƙi uku. Ni a wayata, ni a kwamfutar makaranta, sai Suwaibatu da na karɓe wa waya.

Juma'a, 10 ga Mayu

Na tura adireshin shafin a guruf ɗin tsofaffin ɗalibai da na malamai da na dangi. "Allah ya ƙara basira" kam na sha ta har na ƙoshi, amma ba wanda ya buɗe. Na gane masu yi mini addu'ar nan ba su da gona, masu gonar kuma ba sa guruf.

Da la'asar na leƙa wurin Kawu Yahuza, wan mahaifiyata da ya riƙe ni. Tun da zaman ƙauye ya yi wuya ya dawo Faskari, amma gonarsa tana Mabai, zuciyarsa ma tana can. Ga ciwon gwiwa, zuwa ɗaya sai ya kwana biyu yana jinya. Gaskiya don irinsa na yi shafin, ko da yake ban faɗa masa ba. Na nuna masa, ya nisanta wayar da fuskarsa, ya ce, "Kai da ka gudu daga sungumi, yanzu kai za ka gaya mani ruwa?" Muka yi dariya. Ai bai yi ƙarya ba.

Talata, 14 ga Mayu

Na canja dabara. Na je tasha wurin 'yan acaɓa, su ne ke ratsa ƙauyukan nan kullum. Na zauna da su a rumfar mai caji ina sa musu shafin ɗaya bayan ɗaya. Wani ya tambaya ko rajistar taki ce. Da na ce a'a sai rabinsu suka watse. Waɗanda suka rage dai sun yi alkawari.

Lahadi, 19 ga Mayu

Jiya hadari ya haɗu ta gabas. Da safe na buɗe shafin, wallahi sai da na tashi zaune: kore a Mairuwa, kore a Sabuwa, kore a wasu ƙauyuka da ni kaina ban taɓa takawa ba. Mutanen da ban sani ba suna danna abin da na yi da hannuna! Na kai wa Suwaibatu har madafi. Ta ce in matsa kada in zubar mata da koko, amma na ga tana murmushi.

Alhamis, 23 ga Mayu

Kullum ana ƙaruwa. Wata Gwaggo Shafa'atu a Mabai, ƙawar marigayiya Inna, ta sa an saka mata a waya, kuma ta fi kowa himma. Taswira ta yi kore shar. Ja ko ɗaya babu. Damina mai albarka, in ji ni.

Asabar, 25 ga Mayu

Kawu ne ya kira ni da kansa. "Mi akwatin naka ya ce a kan Mabai?" Na duba, kore har sau huɗu. Na ce an yi ruwan shuka, Kawu. Ya ce to, gobe zai sauko da iri.

Irin dawar nan, kaura, tun na kakanmu ne. Kowace shekara yakan zaɓi manyan zangarniyoyi ya rataye su a madafi hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Bara bai samu da yawa ba. Yau har na rasa inda zan sa kaina don daɗi, Kawu ya tambaye ni zancen gona.

Juma'a, 31 ga Mayu

Ba daɗi. Ashe yayyafi aka yi a Mabai, saman ƙasa kawai ya jiƙe. Kawu ya ga haka da ya isa, amma ya riga ya sha hanya da gwiwar nan, ga mutanen da ya ɗauko, ga hadari yana ta alkawari, sai ya shuka rabin irin. Ruwa bai dawo ba. Ya tsiro ya ƙone.

Na je gaishe shi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Haka Allah ya so," ya tambayi lafiyar iyali. Na dawo na kasa cin tuwo. Kunya nake ji, kunya sosai.

Asabar, 1 ga Yuni

Na kira Gwaggo Shafa'atu. Bayan doguwar gaisuwa na lallaɓa na tambaye ta me ya sa ta danna kore alhali ruwan bai kai na shuka ba. Ta yi salati. "Ɗan nan, Allah ya ba mu ko ɗigo ne, ni in sa hannu in danna ja in ce bai ba mu ba? Da wane bakin zan roƙi na gobe?"

Na kira biyu daga 'yan acaɓan, maganarsu ɗaya da tata. Ba wanda ya yi nufin ƙarya. Ni ne na sa mutane su kai ƙarar ruwa, abin da ko ni ba zan yi da bakina ba. A nan aka haife ni fa, amma na zauna na zana jan maɓalli kamar baƙo.

Na ce wa Suwaibatu rufe shafin zan yi. Ta ce, "Don kaza ta zubar da tsaba ba a yanka ta. Ka daina tambayarsu hukunci mana."

Litinin, 3 ga Yuni

Na cire maɓallan duka biyun. Yanzu abu ɗaya shafin ke nema: ka tona ƙasar gonarka da hannu, ka faɗi inda danshi ya tsaya. Gaɓar yatsa, ko tsawon yatsa, ko tafin hannu, ko har wuyan hannu. Mai so ya ɗauki hoto. A sama na rubuta Alhamdulillahi da manyan baƙaƙe, kowa ya fara da godiya kafin ya tona.

Masu shiga sun ragu da yawa. Danna kore ya fi tona ƙasa sauƙi.

Alhamis, 6 ga Yuni

Hoton farko daga Gwaggo Shafa'atu: hannunta da lalle, ƙasa ta jiƙe iya gaɓa biyu. Ta haɗo da saƙon murya tana dariya, wai wannan kam ba ƙorafi ba ne, abin da ta gani ne. Wani daga Sabuwa ya turo nasa har wuyan hannu. Na daɗe ina kallon hannayen nan.

Kawu bai kira ba. Ni ma ban iya kiransa ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

An kwana ana ruwa. Da hantsi sai ga Kawu a ƙofar gida, yana dogara sanda. Ya sha ruwa, ya yi zancen Sallah da tsadar raguna, ya yi zancen kowa da komai. Sai da ya miƙe zai tafi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sauran irin ke nan, ba wani. Mi akwatin ya ce?"

Na duba. Mutum biyu a Mabai, duka har wuyan hannu. Na buɗe baki in faɗa, sai na ji na ce, "Kawu, bari in je in gani tukuna."

Litinin, 10 ga Yuni

Na je jiya a babur ɗin makwabci. Na ɓata hanya sau ɗaya, rabona da gonar tun ina sakandare. Na durƙusa ta wajen tudu, inda ya fi saurin bushewa, na tona. Danshi har ya wuce wuyan hannu, ƙasar da sanyi. Na ɗauki hoton hannuna na sa a shafi kamar kowa, sannan na kira shi. Ya ce, "Ka tona tudun?" Na ce shi na fara tonawa. Ya ce to madalla.

Gobe za a shuka. Na nemi izini a makaranta, don wani ya riƙe masa ƙwaryar iri ne kawai saboda gwiwar. Suwaibatu ta ga na aro sungumi na jingine a zaure, ta dube shi, ta dube ni. Na ce na Kawu ne. Ta ce ai Kawu yana da nasa.