A Dawo Mini da Jinin 'Yata

Zuwa ga Furofesa, jagoran tawagar jami'a da ta zagaya makarantun Arewa.

Bayan gaisuwa da fatan ka koma gida lafiya. Ni uwa ce a Garwa, 'yata tana lise, wato sakandare, bana za ta yi jarrabawar fita. Ba zan rubuta sunanta ba, kun yaɗa shi ya isa.

Na farko. Da na ji za ku zo da madubin likita ku nuna wa yara yadda fata da tsoka da hanta suke, na yi murna, don ni ma na yi karatu. Amma ba wanda ya tambaye ni kafin a huda yatsanta.

Na biyu. Da ka ga ƙwayoyin jininta sun lanƙwashe kamar lauje, sai ka tafa hannu, ka jera ajin duka su leƙa, ka ce musu amosanin jini ne, masu shi kuma ba su cika tsufa ba. Tana tsaye da auduga a yatsa. Tun tana goye nake ɓoye mata wannan maganar.

Na uku. Ka manna sunanta a gilashin da kuka ɗiga jininta, ka tafi da shi. A Marwa, da ka nuna gilashin a makarantarsu, ɗan yayata ya karanta sunan. Yanzu 'yan ajinta suna tambayarta wa za ta bar wa littattafanta. Ta daina zuwa makaranta.

Ga abin da nake nema. Ka dawo da gilashin da hannunka. Ka tsaya a ajin nan, ka ba ta haƙuri da muryar da ka tona ta.

In ka ƙi, ka tuna Garwa garin shugaban ƙasa ne, kuma ba gidan biki ko suna da ba na shiga. Na riga na fara. Gida-gida nake bi, da Hausa da Fillanci, wasiƙar gwamna kuma da Faransanci zan rubuta ta. Baɗi in ka zo, daga Ngong har Mindif ba yaron da zai miƙa maka yatsa, kuma manyanka za su tambaye ka dalili.

Allah ya ja kwananka. Allah ya rufa asirin 'ya'yanka, ya tsare su daga hannun mai ilimi irin naka.

Wassalam.

Uwar yarinyar, Garwa.